Gidan Fabur

A unguwarmu, can bayan tashar mota,
ka ce "Gidan Fabur", ɗan yaye ma zai nuna maka ƙofa,
amma tambayi ma'anar, ka ji shiru a Daura.

Na sha tsiya a makaranta.
Wani ya ce sunan batir ne, wani ya ce na maganin tari.
Malamin rajista ya rubuta, ya goge, ya dube ni:
"Gari ne wannan, ko kuskure ne a gyara?"

Kaka Tasalla ce ta ba ni rabin zancen,
tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko ɗaga kai ba:
"Kakanka Mati a Matamaye ya tashi.
Ubansa maƙeri, kakansa maƙeri,
shi ko ya tsani toka, ya tsani nishin zuga-zugi,
ya tsani yadda 'yan mata ke duban baƙin tafinsa.
Wata ranar kasuwa ya ajiye masaba, ya miƙi hanyar Damagaram,
ko sallama bai yi ba da maƙera."

Can ya zama kukun wani Bature mai awon hanya,
Mushe Fabur, ja kamar tattasai,
mai cin ɗanyar albasa da burodi.
Su a bakinsu "mushe" girmamawa ce,
mu nan abin da ungulu ke jira.

Shekara bakwai yana suyar ƙwai, yana goge fitila.
Aka daina Mati, sai Yaron Fabur.
Yaron ya faɗi a hanya, Fabur ya saura.

Da kamun aikin dole ya yi zafi
ya tsallako ta Kwangwalam da tsakar dare,
tukunyar ƙarfe a ka, cokali mai yatsu a aljihu,
sai sunan aro. Iyakar abin da ya tara.

Ya sayar da shayi, ya gina soro, ya haifi goma sha ɗaya,
bai bar ko ɗaya ya taɓa awartaki ba.
In iska ta kawo bugun guduma daga nesa
sai ya miƙa hannu, ya ƙara wa rediyo ƙara.

Bara, Zulai tawa ta zo hutu daga Katsina,
inda take karatun Faransanci,
da wani littafi mai kaurin tubali.
Na ji ta a zaure tana dariya har da tari.
"Baba, zo ka gani!
Da can, su ma ba su da sunan gida,
da sana'a ake kiran mutum, kamar Sule Dukawa, kamar Audu Mahauci.
Wannan daga harshen Rumawa ya gangaro:
a arewacinsu Lafebur, a kudu Fabur,
rassa da yawa, saiwa ɗaya,
kuma fassararsa, Baba: mai ƙira."

Na zauna a kan turmi.
Na hango su biyu a madafi guda,
ɗaya da taswira, ɗaya da kasko,
kowa da toka a bayan zuriyarsa,
jikan maƙeri yana aiken ɗan maƙeri,
ba wanda ya san wa ɗan'uwansa sirri.
Wayyo Mati! Ka yi gudun kwana da kwanaki
ka je ka aro rigar da ka tuɓe,
an dai sake mata ɗinki a wata karkara.

Tukunyar nan tana nan, gindinta ya ɓule.
Ran Laraba na saɓa ta, na nufi rumfar Ɗanjuma.
Yaronsa bai zo ba, wuta na neman mutuwa,
sai na tsuguna na kama zuga-zugin.
Dama, hagu, dama. Gawayin kirya ya buɗe ido.
Ɗanjuma ya tsaya da guduma a sama:
"Alhaji, ɗan wane gida ne kai?"
Na ce, "Fabur."
Ya ce, "Wane iri ke nan?"
Na ce, "Irinku ne. Bugi, ƙarfen ba ya jira."